Zamiyar Alhaji Maikano

Ranar Litinin da ƙarfe goma da kwata na safe Alhaji Maikano ya hau bene na uku a unguwar Faisal, yana hutawa a kowace kwana, ya miƙa wa Zaituna mai tace bidiyo filashi, ɗan abin nan na ajiyar hotuna da ake soka wa kwamfuta. Ma'aikacin ofishin jakadanci ne, ya gama shekara huɗu a Alƙahira, ranar Alhamis kuma za a yi masa walimar ban kwana. Wata uku ke nan yana gaya wa abokan aikinsa ya koyi zamiya a kan ƙanƙara, su kuma suna masa dariya. Marta, sakatariyar ofis, ta fi kowa.

"Malama Zaituna, ki haɗa mini shi da kiɗa. So nake bakin Marta ya mutu."

"Tamam, Alhaji. Amma ka san ba na nuna aiki sai ranar da za a haska shi."

Matarsa Ummul-Khairi, wadda ta rako shi, tana tsaye a bakin ƙofa. Abu ɗaya ta faɗa: kada a sa kiɗa mai jan jiki.

Zaituna tana da tsarin da ba ta saɓawa. Wasu suna fara jera hotuna, daga baya su nemo kiɗa su liƙa. Ita kiɗan take fara shimfiɗawa. Ta zaɓi na ganga da sarewa mai minti biyu, ta saurare shi sau biyar, yatsanta a kan madanni, tana dasa alama a kowane bugu mai nauyi. Sai da ta samu alamomi sittin da huɗu sannan ta buɗe filashin.

Gajerun bidiyo ne talatin da bakwai, duk a wani gangaren zamiya da ke cikin wani katafaren kanti a bayan Giza, inda inji ke yin dusar ƙanƙara. Wani ma'aikacin wurin ne ya ɗauka da wayar Alhaji daga gindin gangaren. Kowa a ciki yana sanye da kayan haya iri ɗaya: jar riga mai kauri, hular kwano, da tabarau da ya cinye rabin fuska. Duk da haka ba ta sha wahalar gane nata ba. Kusan a kowane bidiyo akwai mutum guda da ke saukowa kamar ana tsiyaya ruwa, ya karkata hagu, ya karkata dama, ya ci burki dusa ta tashi. Ya ɗan gajarta a ido, amma kayan sanyi haka suke yi wa mutane.

Ta raba su folda uku: masu kyau, masu dama-dama, na zubarwa. Daga nan ta shiga yanka. Kowace karkata ta ɗora ta a kan bugun ganga. Inda sarewa ta ja numfashi ta rage gudun hoton. Burkin da ya fi kyau ta ajiye wa bugun ƙarshe.

Matsalarta ɗaya ce: wani bawan Allah da ya ƙi fita daga hoton. Da gwanin ya karkata, sai ga shi a baya yana faɗuwa. Nan ya faɗi ta gaba, can ya faɗi ta baya, a wani wurin ya rungume shingen soso kamar ya haɗu da ɗan'uwa a filin jirgi. Mai ɗaukar ma sakarai ne, sau da yawa sai ya bar gwanin ya bi mai faɗuwar da kyamara. A bidiyo na ashirin da tara mutumin ya samu ya zame taku uku a tsaye, ya ɗaga sandunan zamiyarsa sama yana murna.

"Ma'alish, yi haƙuri, ba da kai ake ba," in ji Zaituna, ta jefa shi foldar zubarwa.

Talata da Laraba duk a kansa suka ƙare. Inda ya yiwu ta matso da hoton ya fice ta gefe, inda bai yiwu ba ta datse kafin ya shigo. Da yammacin Laraba Alhaji ya bugo waya.

"Kin ga wurin nan mai kyau?"

"Na gan su duka, Alhaji. Wallahi ban san ka ƙware haka ba."

Ya yi dariyar jin daɗi, ya ce ai abin naci ne.

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a wani zaure a unguwar Mohandessin, aka haska bidiyon a babban allo. Ganga ta buga, gwanin ya sauko. Kafin a kai rabi mutane sun fara tafi tare da kiɗan. Cokalin Marta ya tsaya a hanyar baki. Alhaji ya kafe allon da ido yana share goshi, ga na'urar sanyi tana aiki. Ummul-Khairi tana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Oga Maikano, na tuba!" in ji Marta. "Khalas, shi ke nan, ranar Asabar duk za mu je mu gani da idonmu kafin jirginka."

Alhaji ya ce akwai haɗa kaya.

"Ai an gama haɗawa, Baban Kausar," in ji matarsa. "Yalla, mu je."

Ranar Asabar mutum tara suka tsaya a gindin gangaren suna rawar sanyi, Zaituna tana riƙe da kyamara. Gwanin ya sauko, hagu, dama, ya ci burki a gabansu, Marta ta yi ihu. Bayan minti shida wani ya iso a zaune, da takalmin zamiya a ƙafa ɗaya kawai.

Na zaunen ya cire tabarau, Alhaji Maikano ne. Na tsayen ya cire nasa, Ummul-Khairi ce.