Mai Shiƙar Riɗi Da Ta Janye Daga Ƙara

Bari in ba ka misalin wata mata, Lantana, da ke shiƙar riɗi a siton wani attajiri tare da mata 'yan'uwanta. Wuni suke yi a durƙushe da faifai da rariya, ƙaiƙayi na shiga musu ido da maƙogwaro. Da aka loda motar ƙarshe sai biya ya tsaya, yau a ce gobe, gobe a ce jibi, har damina ta faɗi. Da tura ta kai bango matan suka ce sai kotu. Attajirin ya ji labari, ya kira Lantana gefe, don ya san mijinta na kwance ba lafiya. Ya auna mata masara tiya biyu, ya ce, "Ke ai ta gida ce. Bar su su yi ta yawonsu, ni zan sallame ki har da ƙari." Ta tuna yaranta sun kwana ba a ɗora tukunya ba, ta karɓa, ta ce wa matan su tafi ban da ita.

Matan suka yi ta sintiri, a ɗage shari'a su koma, wata har akuyarta ta sayar saboda kuɗin mota. Lantana kuwa in ta hango su sai ta sake hanya. Masara ta ƙare, mijin ya rasu, attajiri ya daina amsa sallamarta. A ƙarshe alƙali ya sa aka sayar da injin siton da sikelinsa aka biya waɗanda suka kai ƙara. Ranar biyan ta je ta raɓe a bakin ƙofar kotu. Magatakarda ya ce mata cikin tausayi ba ta cikin masu ƙara, sai dai ta shigar da tata, alhali attajirin ya riga ya bar gari, sito kuma ba ko tsinke. Tana juyawa wata tsohuwa cikin matan ta riƙo hannunta. Kowacce ta kwance bakin zane ta sanya mata ɗan abin da ya sawwaƙa, ba wadda ta yi mata gori. Alherin nan nasu ya fi gori yi mata ciwo, ta tafi gida tana kuka.

Shi ya sa Hausawa ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.