Mai Injin Niƙa da Tsohon Man Ƙosai

Kawu, ka ce ko dai a koma wutar sola gaba ɗaya, ko a bar kowa da dizal ɗinsa, wai rabin gyara ba gyara ba ne. To, ga misali. An yi wata mata mai injin niƙa a tsakiyar unguwa. Injin ya tsufa. Da ya tashi sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe layin, shanyar maƙwabta ta yi baƙi, yara su yi ta tari. Har ta kai mai unguwa ya aiko mata: ko ta gyara, ko ta kwashe injinta kafin kaka. Da injin nan take ci da 'ya'yanta, sola kuwa ta fi ƙarfinta. Sai ta lura da masu ƙosai da masu awara da ke kawo mata markaɗe: in man suya ya gaji ya yi baƙi, a kwata suke zubarwa. Ta ce su riƙa tara mata a jarka, ita kuma ta markaɗa musu wake kyauta. Ta kai wa masu sarrafa shi a birni, suka tace shi, suka mayar da shi man inji. Ba ta juye shi zalla ba, kaɗan ta fara surkawa a dizal.

Ana nan, ranar da bokitan markaɗen biki suka yi layi, injin ya yi tari ya mutu. Wani mai wucewa ya ce, "Hajiya, ai inji ba kasko ba ne." Aka kwashe da dariya. Ta kwance matatar mai, ta tarar da ita cushe da baƙar laka. Ashe dauɗar da dizal ya yi shekaru yana tarawa a tanki ce sabon man ya wanko. Ta sa sabuwar matata, ta murza hannun injin, ya tashi da ƙarfinsa. Daga nan ta riƙa ƙara sabon man sannu a hankali. Hayaƙin ya yi haske, har layin ya koma ƙamshin suya. Ban ce ya ƙare ba, Kawu, amma man nan daga gyaɗa ya fito, abin da ya saki a iska gyaɗar baɗi za ta sake zuƙa, ba sabo aka tono daga ƙarƙashin ƙasa ba. Kaka ta zo, buhun masarar farko da aka sauke a ƙofarta daga gidan mai unguwa yake. Yau faranti biyu na sola ne a kan rufinta suna juya ƙaramin injin markaɗe, babban yana jiran nasa lokacin. Mai maganar kasko kuwa har yanzu yana shaƙar hayaƙin janaretansa, yana jiran ranar da za a gyara komai a tashi ɗaya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.