Rabon Shinkafa a Kantin Yelwa

"Ƙarin albashi? Ƙungiya?" Manaja Zaharaddeen ya yayyaga takardar koken ma'aikatansa. "Duk wanda ya sake ambatar ƙungiya a kantin nan, ga ƙofa can!"

Zulai'atu mai karɓar kuɗi ta tsince gutsattsarin takardar ta fita.

Shi abin da ke gabansa daban ne. Hedikwata ta aiko da buhunan shinkafa ashirin a raba wa mabukata, a ɗauki hoto, duniya ta ga katafaren kantin Yelwa yana da tausayi. Ya sa Mai Unguwa ya zaɓo masa gidaje ashirin da suka fi kowa talauci.

Ranar rabo aka kafa rumfa, masu kyamara suka iso daga Birnin Kebbi. Sai dai ko ma'aikaci ɗaya bai zo aiki ba. Zaharaddeen da kansa ya yi dakon buhuna, yana gumi yana rantsuwar sai ya kori kowa.

Can sai ga Mai Unguwa da layin mabukata a bayansa. Zulai'atu ce a gaba, sauran ma'aikata na biye, kowa sanye da rigar kanti, an goge ta tas.

"Mai Unguwa, mene ne haka?"

"Ranka shi daɗe, gida-gida na bi. Ko masunta sun ce su suna cin abinci sau uku a rana. Waɗanga munka samu."

Mai kyamara ya ce, "Manaja, ɗan yi murmushi."