Gahawar Rawan

Wata biyu Rawan tana jinyar karaya a gidansu a Amman. Da saurayinta Ziyad ya zo dubiya, sandunanta kawai yake kallo.

"Mama ta ɗaga zuwa neman auren," ya ce a hankali. "Wai sai kin iya kawo musu gahawa da kanki, kamar kowace yarinya."

Wato ɗingishi za a zo dubawa!

"Kai kuma me ka ce mata?"

Ya sunkuyar da kai.

Rawan ta ture sandunan, ta cije leɓe, ta taka har ƙofa tana gumi, ta buɗe masa.

"Je ka gaya mata ka ga tafiyata. Gahawa kuwa, ta nema a wani gidan."