Kalangu a Bakin Iyaka

Tun da aka killace teku, kifi ya yi ƙiba a can ciki, ya daina leƙowa. Ga shi gobe sunan jikan Barmo makaɗi, gida ya cika da baƙi daga Yawuri, tukunya kuwa ba komai. Sai ya rataya kalangu ya faɗa kwalekwalen ƙaninsa Jatau.

Suka tsaya daidai jerin wasu tulunan ƙarfe masu ido ɗaya, waɗanda ke yawo a kan ruwa suna gadin iyaka.

"Yaya, taru ba ya tsallake nan fa," in ji Jatau.

"Na sani. Amma wa ya hana kiɗa tsallakewa?"

Barmo ya jingina kalangun da jikin kwalekwale, ya saki kiɗan da yake yi wa mahauta. Can sai ruwa ya fara tafasa. Manyan kifaye suka yi ta ketowa kamar 'yan biki, Jatau na jan taru yana dariya, har hularsa ta faɗa ruwa bai kula ba.

Sun juyo ke nan, kwalekwale ya yi nauyi, sai suka ji kiɗa a bayansu. Ɗaya daga cikin tulunan ƙarfen ne ke yi, yana kiran kifi su koma ciki. Kiɗan Barmo ne sak, har da 'yar gargadar hannunsa.

Jatau ya juyo ya dubi yayansa.

"Tuƙa mu je," in ji Barmo, yana murmushi. "Kafin jibi na ƙago sabo."