Kunnen Ƙashin Daraktan Wasanni

Maganaɗisu ake kiran golan jami'ar, don duk ƙwallon da ta doso shi sai ta manne a hannunsa. Yana shekarar ƙarshe, kuma albarkacin wasan ne jami'a ta ɗauki nauyin karatunsa.

Abin da ke damunsa shi ne ƙarfen raga. Tsatsa ta cinye gindinsa, ko iska ta kaɗa sai ya yi ta rangaji. Shi da sauran 'yan wasa sun sha kai kuka ofishin daraktan wasanni. Kullum sai su tarar da shi a kishingiɗe yana danna waya, a bayansa ga kofuna jere waɗanda ba a zamaninsa aka ciyo su ba. Filin kuwa, rabonsa da shi tun ranar da aka ɗauke shi hoto a ciki.

Da tura ta kai bango, ɗalibai suka fara caccakarsa a fili. Suka ce ɗakin agajin gaggawa ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, motar ɗaukar majinyata kuma ta koma ta cefanen gidansa. Darakta ya tara su, ya zare ido.

"Ku 'yan yaushe ne da za ku koya mini aiki? Wanda filin bai yi masa ba, ga hanya nan."

Nan take ya kori kyaftin ɗin 'yan wasan daga ƙungiya. Maganaɗisu ya so ya bi kyaftin ɗin ya fice, amma da ya tuna karatunsa sai ya haɗiye fushi ya ci gaba da tsaron raga.

Ranar karawa da wata jami'a, aka ɗaga masa ƙwallo sama. Ya yi tsalle ya ture ta, hannunsa ya kama ƙarfen. Ragar gaba ɗaya ta rufto masa a gadon baya. Aka ruga neman motar majinyata, aka ce ta tafi kasuwa. A kan ƙyauren wani ɗaki da suka ɓalle abokansa suka ɗauke shi. Likita ya ce lakarsa ta taɓu, da wuya ya ƙara takawa.

Washegari ɗalibai suka yi wa ofishin zobe, suna cewa sai ya sauka. Darakta ya leƙo ta taga yana gumi, ya ce ai ƙaddara ce.

Korarren kyaftin ya ce, "Ƙaddarar ce ta toshe maka kunne? Sau nawa muka zo nan ka kore mu kamar kaji?"

Kafin yamma hukumar jami'a ta tuɓe daraktan. Aka kai wa mahaifiyar Maganaɗisu labari a asibiti, aka same ta tana juya ɗanta a kan gado. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce a tuɓe shi ko a bar shi duk ɗaya ne a wurinta, tunda ba zai dawo wa yaronta da ƙafafunsa ba.

Jama'a, ƙorafin na ƙasa ba raini ba ne. Duk wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane, ya saurari kukansu tun ana iya gyara.