Masallaci Mai Macizai

Ina yaro a Gaya, wani mutumin Taiwan mai koyar da noman shinkafa ya ba ni hoton garinsu: jan gini a bakin teku, da macizai a kan rufi. Ni da ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, na ce masallacinsu ne. Na manna shi a bangon gabas, inda Kawu ke salla.

Sai da ya sallame la'asar ya ɗaga kai.

"Ɗan banza! Gidan gunki ka sa na yi wa sujada?"

Ya yayyage hotona, ya rama sallarsa, sannan ya rama a bayana.

Jiya a Bron, inda nake zaune yanzu a ƙasar waje, ɗiyata ta nemo mini ginin a waya. Ashe ɗakin bautar uwar ruwan masunta ne. Kawu ya yi gaskiya. Allah ya jiƙan shi, amma ban yafe ba.